Harafin A ya mutu a laftof ɗina: akwai dabara kafin a canja kibod?

Tambaya daga wata malamar Hausa da ke koyarwa a wata sakandare a cikin garin Bauchi: "Assalamu alaikum. Mako biyu ke nan harafin A ya daina fitowa a laftof ɗina, sauran maɓallan duk lafiya lau. Mai gyara ya ce sai an yi odar kibod daga Kano, ga shi kuma ina tsakiyar buga tambayoyin jarrabawar ƙarshen zango. Yanzu kwafo harafin nake yi ina liƙawa da Ctrl da V. Akwai wata hanya?"

Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da haƙuri. Duk wanda ya taɓa zama ya buga Hausa ya san halin da kike ciki, domin da wuya ki jera kalma uku ba ki nemi A ba. "Makaranta" kaɗai sau huɗu take neman sa, haka ma "jarrabawa". Da Q ce ko X ta mutu miki, sai ki kai ƙarshen zangon ba ki ma lura ba.

Hanya akwai, kuma ba ta buƙatar sukurudireba ko sisin kwabo. Za ki ɗauki wani maɓalli mai rai wanda ba ki cika amfani da shi ba, ki sa shi ya riƙa fito da A. A wurinki ma an yi dace, domin Caps Lock na nan gefen A ta hagu, ƙaramin yatsan da ya saba danna A ɗin shi ne zai matsa kaɗan. Shekarun da na yi ina gyaran kwamfuta a nan Bauchi, wannan dabarar ta fitar da ɗalibai da dama daga Yelwa da Gwallameji a lokacin rubuta furojet, wasunsu har suka gama karatu ba su sayi sabon kibod ba.

Amma kafin mu kai can, ina so ki tabbatar maɓallin mutuwa ya yi. Ki aro kibod na USB, irin na shagon buga takardu, ki jona. Idan A ya fito a kansa, to matsalar tana jikin kibod ɗin laftof ɗin ne, Windows ba ta da laifi. Idan a can ma ya ƙi, kada ki biya kuɗin kibod tukuna, wani saiti ne ko wata manhaja ta riƙe harafin. Ina faɗin haka ne saboda yawan laftof ɗin da ake kawo mini da sunan "kibod ya lalace" alhali lafiyarsa ƙalau. Wani dattijo ya taɓa tasowa tun daga Dass, ya ce in ya danna J sai 1 ta fito, K ta ba shi 2, L ta ba shi 3, U da I da O kuma su zama 4 da 5 da 6. Jikansa ne ya kunna Num Lock, kuma a ƙananan laftof marasa ɓangaren lambobi haruffan nan su ke komawa lambobi. Ban karɓi komai ba, amma kuɗin motarsa ya riga ya tafi. Haka nan idan aka danne Shift ɗin dama na daƙiƙa 8, Windows takan kawo tayin kunna Filter Keys, mutum ya amsa bai karanta ba, daga nan kibod ya zama sai an danne harafi an jira kafin ya fito. Su kuma laftof na hannu da ake shigo da su, kowanne da tsarin ƙasarsu yake zuwa: na Ingila @ da alamar zance sun yi musayar gurbi in aka gwada da na Amurka, na Jamus Y da Z, na Faransa kuwa A da Q ne ma suka sauya wuri. Saboda haka idan kin danna A kin ga Q ta fito, ki riƙe maɓallin Windows ki danna Space, ki mayar da harshen rubutun yadda yake.

Idan ba ko ɗaya cikin waɗannan, ki kashe laftof ɗin, ki karkata shi, ki share kewayen maɓallin da sabon buroshin haƙori mai laushi. Ƙurar hunturu a garin nan ba ta barin komai, kuma ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana 'yar robar da ke ƙarƙashi sauka. Kada ki ɓamɓare murfin maɓallin da wuƙa ko farce. Akwai wasu siraran robobi biyu a ƙarƙashinsa da suka gitta juna kamar almakashi, haƙoransu ba su fi kan allura ba, garin neman gira sai a rasa ido.

To, yaya aka yi wani maɓalli zai iya ɗaukar aikin wani? Kibod bai san haruffa ba. Fentin da ke kan maɓalli don idonki aka yi shi. Abin da yake aika wa kwamfuta lamba ce ta gurbin da aka danna: gurbin A lambarsa 1E, na Caps Lock 3A, na Enter 1C. Windows ce ke karɓar lambar ta duba tsarin harshen da aka zaɓa, sannan ta ce wannan A ne. Tun zamanin Windows 2000 akwai wani gurbi mai suna Scancode Map a cikin rajistar Windows, wato kundin da take ajiye saitunanta, inda za a iya rubuta cewa duk lokacin da 3A ta iso, a ɗauke ta a matsayin 1E. Shi ke nan dabarar. Ba a gyara A ɗin da ya mutu ba, an dai buɗe wa harafin wata ƙofa.

Ana iya rubuta wannan da hannu a cikin rajistar, amma ban ba ki shawarar haka ba, don kuskuren lamba ɗaya kan iya rikita miki wani maɓallin daban. Akwai wata 'yar manhaja kyauta mai suna SharpKeys da aka yi don wannan aikin kaɗai. Tana cikin Microsoft Store, tana kuma shafinta na GitHub, kuma ƙarama ce ƙwarai, ba za ta ci miki data ba. Daga waɗannan wurare biyu kawai za ki sauke ta. Shafukan da ke cike da manyan korayen maɓallan "Download" su ne ke cusa wa mutane tarkacen da ke sa laftof nauyi.

Idan kin buɗe ta, ki danna Add. Jeri biyu za su bayyana, kuma a nan ne kusan kowa ke yin kuskure, don haka ki natsu. Jerin hagu na maɓallin da za ki sadaukar ne, mai rai, wanda yatsanki zai danna. Jerin dama na harafin da kike so ya fito ne, wato wanda ya mutu. Hankalin mutum yakan ba shi ya fara sa mataccen a hagu, tunda shi ne mai matsalar, sai ya ƙare da cewa "in an danna A, a kunna Caps Lock", alhali A ɗin ba ya dannuwa. A hagu ki zaɓi Caps Lock, za ki gan shi da lamba 00_3A, ko ki danna Type Key ki taɓa shi da kanki. A dama kuwa Type Key ba zai yi miki amfani ba tunda maɓallin ba ya magana, sai dai ki gangara cikin jerin ki nemo A mai lamba 00_1E. Ki danna OK, sannan Write to Registry, sannan ki kashe laftof ɗin ki sake kunnawa. Ba zai fara aiki ba sai an sake kunnawar.

Daga nan Caps Lock ya zama A ta kowace fuska. Da Shift zai ba ki babban baƙi, da Ctrl zai zaɓi dukkan rubutu kamar yadda A ya saba yi. Abin da kika rasa shi ne kulle manyan baƙaƙe, kuma rashin ba mai yawa ba ne: idan kina son kan takardar jarrabawa ya fito da manyan baƙaƙe a Word, ki rubuta shi yadda ya zo, ki zaɓe shi, ki danna Shift da F3 har ya koma yadda kike so. A wasu laftof ɗin sai kin haɗa da Fn. Kwana biyu ko uku yatsa zai riƙa komawa tsohon wurinsa, daga baya ya saba. Wasu sukan liƙa 'yar takarda a kan Caps Lock su rubuta A da biro, kuma yana taimakawa, musamman idan yara ko maigida na amfani da laftof ɗin.

Za ki ji wasu sun ce ki yi amfani da PowerToys. Ita ma kyauta ce, ta kamfanin Microsoft ce da kansa, an farfaɗo da ita a 2019, kuma a 2020 aka ƙara mata sashen Keyboard Manager mai yin wannan aikin. Tana da kyau: ba ta neman a sake kunna kwamfuta, kuma tana iya abin da SharpKeys ba ta iyawa, kamar a haɗa maɓallai biyu su ba da abu ɗaya. Duk da haka, ga mai mataccen harafi ni SharpKeys nake zaɓa, kuma ina da dalili. PowerToys sai tana kunne a bayan fage take aiki, ita kuwa ba ta tashi sai bayan kin shiga Windows. Ma'ana a wurin rubuta kalmar sirri, Caps Lock zai koma Caps Lock ɗinsa, A kuma babu. Na ga ɗalibin da hankalinsa ya tashi da sassafe ranar da zai kai furojet wurin malaminsa, saboda kalmar sirrinsa sunan mahaifiyarsa ce, kuma A biyu ne a ciki. Abin da SharpKeys ta rubuta kuwa yana zaune a rajista, Windows na karanta shi tun tana tasowa, ko da kin goge manhajar daga baya. Ga kuma nauyi: PowerToys ɗaruruwan megabayit ce, tana buƙatar Windows 11 ko Windows 10 daga siga mai lamba 2004 zuwa sama, alhali har yanzu akwai tsofaffin laftof masu Windows 7 a ofisoshi da makarantunmu. Laftof mai ram 4, wato ƙaramar ƙwaƙwalwar aiki, da ke fama da Word da Chrome bai kamata a ƙara masa wani kaya ba.

Ko da wacce kika yi amfani, ki riƙe wannan: a fuskar shiga Windows, can ƙasa ta dama, akwai 'yar alamar sauƙaƙa amfani, a cikinta akwai On-Screen Keyboard, kibod ne da ke fitowa a kan sikirin ki danna haruffan da mawus. Bayan kin shiga kuma, maɓallin Windows da Ctrl da O ke kiran sa. Shi ne mafitarki duk ranar da wani abu ya rikice. Sai dai akwai wurin da duk waɗannan ba sa kaiwa. Idan laftof ɗin na neman kalmar sirri tun kafin tambarin Windows ya bayyana, wato ta BIOS, a can babu rajista babu manhaja, sai ainihin maɓallin ko kibod na USB. In kina da irin wannan kuma akwai A a cikinta, ki canja ta tun yau.

Ga sauran masu karatu da ba A ce ta mutu musu ba, zaɓen maɓallin da za a sadaukar shi ne inda ake buƙatar tunani, kuma na fi ɓata lokaci a kansa da masu kawo mini gyara fiye da kan manhajar kanta. Ka nemi wanda ke kusa da mataccen, a hannu ɗaya, don yatsa ya yi saurin sabawa. Idan Enter ne ya tafi, Shift ɗin dama na ƙarƙashinsa, kuma akwai wani Shift ɗin a hagu. Idan Backspace ne, akwai maɓallin karkataccen layi ko Insert a kusa, waɗanda yawancin mutane ba sa taɓawa sai bisa kuskure. Ctrl ɗin dama da maɓallin Menu da ke kusa da shi su ma galibi zaman banza suke yi. Fn kuwa kar ma ka gwada: a mafi yawan laftof, ƙaramin guntun da ke kula da kibod shi ke riƙe saƙonsa, ba ya ma isa ga Windows.

Akwai jarabar da ke kama masu rubutun Hausa, su ce tunda babu Q da V da X a baƙaƙen boko na Hausa, bari a yanka ɗaya daga ciki. V da X kada a kusance su, domin da su ake liƙawa da yankewa, kuma in ka mayar da V ta zama wani harafi, Ctrl da V ya tafi ke nan. Q ta fi sauƙin bayarwa, amma ranar da za ka rubuta "Question 1" a kan takarda, ko adireshin imel mai Q, za ka neme ta. Ke kuma Malama, akwai wanda nake so ki kiyaye musamman: Alt ɗin dama. A yawancin bayanan da za ki gani a intanet shi ake fara cewa a sadaukar, don mai rubuta Ingilishi ba ya buƙatarsa. Amma a tsarin kibod na Hausa da ke cikin Windows, da shi ake haɗa K da D da B a sami ƙ da ɗ da ɓ. Malamar Hausa da za ta tambayi yara bambancin "kafa" da "ƙafa", ko "bari" da "ɓari", ba za ta iya rabuwa da shi ba. In ba ki taɓa saka wannan tsarin ba, yana cikin saitin harshe na Windows, ki ƙara Hausa, kuma ya fi kwafo haruffan daga tsohuwar takarda.

Wannan dabarar tana da wani amfanin da ba a cika sani ba. Wani lokaci maɓalli ba shiru yake yi ba, surutu yake yi: ya maƙale ya yi ta zuba harafi ɗaya shi kaɗai, ko kibiyar ƙasa ta yi ta gangarar da shafi ba mai taɓa ta. Wannan ya fi mutuwar ciwo, don ko ka jona kibod na USB ba zai bar ka ka yi aiki ba. A SharpKeys sai ka zaɓi mai surutun a hagu, a dama ka zaɓi Turn Key Off, ya yi shiru. Sai dai ka sani abin da aka rubuta a rajista yana hawa kan kowane kibod da aka jona, har na USB ɗin, da kowane mai amfani da kwamfutar.

Idan maɓallan da suka mutu sun kai uku ko huɗu har babu sauran na sadaukarwa, akwai AutoHotkey, manhajar da ke nan tun 2003, wadda ake rubuta mata umarni a ɗan fayil. Layi ɗaya kamar CapsLock::a ya isa ya yi aikin da muka yi a sama, kuma ana iya sa ta haɗa maɓallai biyu su fito da harafi. Ita ma sai an shiga Windows take tashi. Masu MacBook kuma Karabiner-Elements suke amfani da ita, domin saitin da ke cikin na'urar maɓallai irin su Caps Lock da Control da Command kaɗai yake juyawa a tsakaninsu.

Amma in aka kai ga uku ko huɗu, ni nakan ce a dakata da dabara a duba dalili. Kibod ɗin laftof yana da maɓallai sama da 80, amma siririn bel ɗin da ke haɗa shi da babban allo, wato farantin lantarkin da ke cikin laftof ɗin, layukansa wajen 30 ne kawai. An jera maɓallan ne kamar saƙar tabarma, layi a tsaye layi a kwance, kowane maɓalli yana mahaɗar biyu. Idan ɗaya tak ya mutu, kamar naki, mahaɗarsa ce ta cinye ko datti ya shiga, kuma yana iya zama haka shekara da shekaru bai shafi maƙwabtansa ba. Idan kuwa rukuni suka tafi rana ɗaya, layi guda ne ya yanke ko bel ɗin ya saki, kuma sau da yawa cire shi a goge bakinsa a mayar ya wadatar. Idan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya cikin makonni, ki tambayi gida ko an taɓa zubar da shayi ko kunu ko lemo a kai. Ruwan ya bushe, amma sukarin na nan yana cin layukan a hankali, kuma yana iya gangarawa har babban allo, inda gyaran ya ninka kuɗin kibod sau da yawa.

Na ƙarshen shi ne wanda ba na wasa da shi. Ki ɗora laftof ɗin a kan tebur ki kalle shi ta gefe. Idan kibod ɗin ya yi tudu, ko wurin da ake jan yatsa ya ɗago ya daina dannuwa, ko murfin ƙasa ya fara buɗewa da kansa, batir ne ya kumbura yake turo su daga ciki. Muna yawan ganin haka a zafin Maris da Afrilu, musamman ga laftof da ke kwana a caji ko ake ɗorawa a kan katifa. Wannan ba maganar maɓalli ba ce kuma. A cire caji, a kashe, kada a danne shi ko a huda, a kai wa mai gyara ya fitar da batirin, domin yana iya kamawa da wuta.

In babu ɗaya daga cikin waɗannan alamomin, ki gama jarrabawarki da Caps Lock hankali kwance, kibod ɗin Kano ya zo a lokacinsa. Kafin mai gyaran ya yi oda, ki ɗauki hoton kibod ɗinki da na takardar da ke ƙasan laftof mai lambar samfurinsa, a tura wa mai sayarwa, domin samfuri ɗaya kan zo da kibod iri biyu: na Ingila Enter ɗinsa dogo ne a tsaye, na Amurka kuma a kwance yake, kuma ba kullum ɗaya ke shiga gurbin ɗaya ba. Ki kuma tambaye shi ko naki mai noti ne ko wanda aka narka roba aka manne shi da murfin sama, don na biyun aikinsa ya fi yawa, kuɗinsa ma haka, gara ki ji tun kafin a buɗe. Ranar da aka saka sabon, ki buɗe SharpKeys, ki danna Delete All, sannan Write to Registry, ki sake kunnawa, Caps Lock zai dawo bakin aikinsa. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, Malama.